Daga Tukunya zuwa Shimfiɗa: Nazari kan Halayen Yau da Kullum Masu Tsare Lafiyar Jiki da Kwanciyar Hankali a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wasu halaye na yau da kullum da Bahaushe zai iya gyarawa a gidansa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, domin kauce wa cututtukan da ba a ɗaukar su daga wani, musamman hawan jini da ciwon suga da ciwon damuwa. An dogara da ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya, da binciken likitoci a Zariya da Kano, da kuma lura da yadda rayuwa ke gudana a gidajenmu da kasuwanninmu. An mayar da ma'aunan zuwa abin da uwargida da ɗan kasuwa suka sani, wato cokali da dunƙule da tafiyar ƙafa da lokacin kwanciya. Matsayar maƙalar ita ce, lafiyar jiki da kwanciyar hankali igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma a cikin gida ake tsare su tun kafin a kai ga ƙofar asibiti.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami kalmar da ta fi "lafiya" yawo a bakin Bahaushe. Da ita yake buɗe gaisuwar safe, da ita yake sallamar baƙo. Ko marar lafiyar da ke kwance, in an ce masa "ya jiki?" amsarsa "da sauƙi" ce. Wannan ɗabi'a ce ta godiya ga Allah, kuma abar yabo ce. Sai dai akwai cutar da ke samun mafaka a bayan wannan amsa.

Wani kawuna ɗan kasuwar atamfa ne, ƙaƙƙarfan mutum wanda ba a taɓa jin ya kwana a asibiti ba. Wata rana na tarar da shi a shago yana matsa ƙeyarsa, na ce, "Kawu, yaushe rabonka da awon jini?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, me za a auna a jikin mai lafiya? Gajiyar kasuwa ce kawai." Ya aiki yaro kemis ya karɓo masa haɗi, ya kora da lemon kwalba mai sanyi. Ba a rufa wata huɗu ba, da asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. A ranar aka fara auna jininsa a rayuwarsa. Yau shekara uku ke nan yana jan ƙafa, shagon kuma yana hannun wasu.

Kusan kowa yana da irin wannan labari a danginsa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan hawan jini a shekarar 2023 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin manya uku a duniya na ɗauke da cutar, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba. Adadin masu ita ya ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, mafi yawansu kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Wannan ne ya sa maƙalar ta tambaya: wane abu ne a cikin wuninmu na yau da kullum yake kai mu ga haka, kuma me ke hannunmu na gyara?

2.0 Ma'anar Lafiya a Wurin Bahaushe

A harshen Hausa, lafiya ta zarce rashin ciwo. Gari in babu fitina, an ce ana zaman lafiya. Matafiyi ana yi masa fatan sauka lafiya. Abokin ciniki in ba a yi rigima ba, an rabu lafiya. Idan kuma aka ga mutum ya yi tagumi, tambayar farko ita ce "lafiya?" ko da kuwa babu inda ke masa ciwo. Ashe tun asali Bahaushe ya haɗa jiki da zuciya da zamantakewa cikin kalma guda. Kundin kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki ranar 7 ga Afrilu, 1948, shi ma a kan waɗannan ukun ya gina ma'anar lafiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aiki da ma'anar. A aikace, mai lafiya a wurinmu shi ne wanda bai kwanta ba. Muddin mutum na iya tashi ya je kasuwa ko gona, to, lafiyarsa ƙalau. Wannan ma'auni ya yi daidai da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa da sanƙarau, cututtukan da ke kayar da mutum nan take. Hawan jini da ciwon suga kuwa kamar gara suke, suna cin azara ta ciki shekara da shekaru, rufin ɗaki na nan tsaf a ido, sai ranar da ya rufta.

3.0 Abin da Ke Cikin Tukunya

3.1 Gishiri da Dunƙule da Kanwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke cikin abincin safe da na rana da na dare. Abin da mutanen duniya ke ci a matsakaici ya haura ninki biyu na wannan. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a cikin jini. Jini in ya ƙaru, sai ya matsa wa jijiyoyi, zuciya ta riƙa aikin da ya fi ƙarfinta, ƙoda kuma ta gaji da tacewa.

A leƙa madafar gida mai mutum shida. Uwargida ta ɗora miyar kuka, ta ɓare dunƙulen magi shida ta marmasa, ta ƙara babban cokali ɗaya na gishiri. Ƙaramin dunƙule nauyinsa kimanin giram 4 ne, kusan rabinsa kuma gishiri ne, wato shida sun ba da wajen giram 12. Babban cokali a shafe yana ɗaukar kimanin giram 18. Jimla giram 30 ke nan, kowa ya tashi da giram 5 a miyar dare kaɗai. Ba a lissafa burodin safe ba, da taliyar leda ta yara, da yajin da aka barbaɗa wa tsire.

Gyaran bai buƙatar a ci lami. A rage dunƙule ɗaya a tukunya duk mako, a cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da busasshen kifi. Harshe na sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni. Nan kuma dole a yi magana da maigida, domin sau da yawa tsoron a ce miyarta ba ta yi daɗi ba ne ke sa mace cika hannu, musamman a gidan da ake girki da kishiya.

Kanwa ma sodiyam ce. A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kan yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin matan. Duk da haka, ɗura wa mai jego kanwa da yawa ƙarin nauyi ne ga zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki, balle ga wadda jininta ya hau lokacin goyon cikin.

3.2 Suga

Ma'aunin da Hukumar ta fitar a 2015 shi ne, sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a wuni. Ga babba, wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙananan cokula 12, in kuma aka tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta santilita 35 tana ɗauke da wajen cokali 9.

A tsaya teburin mai shayi da safe a ga haɗin kauri: suga cokali uku a tule, madarar gwangwani mai zaƙi, ga rabin burodi. A majalisun samari, da kuma fadojin matasa na Damagaram da Maraɗi, ana dafa shayin buta zagaye uku, kowane zagaye da nasa sugan. Kunun zaƙi da fura da zoɓo ma yanzu sai an cika su da suga kafin su shiga kasuwa. Gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, amma hannun da ke riƙe da cokali ya fi haraji tasiri.

Zoɓo ya cancanci a tsaya a kansa. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya ba mutum 65 ko dai zoɓo kofi uku a wuni ko abin sha mai kama da shi har mako shida. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kimanin maki 7. Abin da muke nomawa a Jigawa da Kano da Katsina yana da wannan amfani, mu kuma muna lulluɓe shi da suga. A sha shi da citta da kanumfari, zaƙin ya zama kaɗan. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma kada ya ajiye maganin ya ce zoɓo ya wadatar.

3.3 Ganye da Hatsi

Ana son babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a wuni. Mutane da yawa in sun ji haka sai tunaninsu ya tafi kan tufa da inabin kanti. Alhali kwaɗon zogale da na rama, da miyar alayyafo da yakuwa da kuɓewa, da yalo da gwanda da gwaiba da mangwaro da kankana, da goruba da magarya da ɗinya, duk suna cikin lissafi. Tuwon dawa da na gero da fatan acca da wake sun fi farar shinkafa da fulawa yawan harza, don haka suna sakin suga cikin jini a hankali, suna kuma daɗewa a ciki. Abincin da wasu ke ɗauka na talaka ne, shi ne ya fi kusa da abin da likitoci ke nema.

4.0 Motsa Jiki

Kakanninmu ba su ware lokacin motsa jiki ba, domin rayuwarsu ce motsin: noma, daka, surfe, niƙa, ɗiban ruwa, tafiya cin kasuwar ƙauye a ƙasa. Yau inji ya karɓi turmi da dutsen niƙa, babur da adaidaita sahu sun karɓi ƙafa. Ɗan kasuwa na zama a shago daga hantsi zuwa magariba, ma'aikaci na kan kujera, matar aure na tsakanin ɗaki da madafa.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nemi babba ya yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kullum. Mafi ƙarancinsa minti 30 ke nan sau biyar a mako. Motsi matsakaici shi ne tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum na iya magana. Namiji na iya sauka daga adaidaita kafin ya kai inda za shi, ko ya taka bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Macen da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida, ko ta yi tsallen igiya tare da 'ya'yanta mata. Yara kuwa a bar su su yi langa da tsere da ƙwallo, a rage musu zaman waya. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a kuma sha ruwa tun kafin ƙishi ya matsa.

5.0 Barci

Babba na buƙatar aƙalla awa 7 na barci. Wanda ya zauna hira ko kallon ƙwallo ko latsa waya har ƙarfe ɗaya, ya tashi asuba da biyar, awa huɗu ya samu. In hakan ya zama jiki, jini na hawa, sha'awar zaƙi na ƙaruwa, fushi na zuwa da wuri. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa ke nan a jiki bayan wajen awa biyar, don haka ya kamata a tsayar da su daga la'asar. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana wartsakar da jiki ba tare da ta ɓata barcin dare ba. Mai munshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya ga likita, domin wannan na da alaƙa da hawan jini. A kuma kwana cikin gidan sauro, tunda kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke.

6.0 Kwanciyar Hankali

Bahaushe ya daɗe yana cewa tunani na jawo hawan jini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutum in ya shiga tashin hankali, jikinsa na sakin sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke, suga ya ƙaru a jini. Wannan shiri ne na gudun ceton rai na ɗan lokaci. Amma wanda bashi da tsadar abinci da rashin tsaro da rikicin gida suka sa a gaba, jikinsa na cikin wannan hali dare da rana.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kimanin miliyan 280 kuma ciwon damuwa ne ke damun su. Mai wannan ciwo a wurinmu ba ya cewa yana da damuwa. Abin da ake ji a bakinsa shi ne "kaina na ɗaukar zafi", ko "wani abu na yawo a jikina", ko "komai ya fita raina". Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai da rikicewar barci da ta cin abinci suka wuce mako biyu, ciwo ne da ke da magani. Kiran mai shi rago ko marar tawakkali ƙara masa nauyi ne. Addu'a da neman magani kuwa ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Mai jego na buƙatar kulawa ta musamman, domin a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa.

Muna da gadon da ya kamata mu riƙe. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowane majinyaci tare da ɗan uwansa, tsarin da ya yi suna a duniya. Darasinsa shi ne dangi magani ne. Zumunci da gaisuwar maƙwabta da zaman majalisar dattawa suna rage kaɗaici. Sai dai kara da kunya kan hana mutum faɗin abin da ke cin sa, kuma "yi haƙuri" kan rufe bakin mai son magana tun bai fara ba. Kowa na buƙatar aƙalla mutum guda amintacce da zai saurare shi har ya gama. Haka kuma a rage kallon hotunan kashe-kashe da ake turawa ta WhatsApp, a rage gasar anko da lefe da kayan ɗaki da ke jefa iyaye cikin bashi.

Damuwar da ba a kula da ita ba takan nemi wata mafita. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A Janairun 2023 kuma aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma zuwa can tun abu na ƙarami ba abin kunya ba ne.

7.0 Awo da Shan Magani Barkatai

Hawan jini ba a gane shi da ciwon kai ko jiri, da na'ura ake gane shi. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, mutum na da cutar. Awon bai kai minti biyar ba, kuma ya kamata kowane babba ya yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara, tare da gwajin suga ga wanda ya haura arba'in ko mai ƙiba ko wanda cutar ke danginsu. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, saboda maganin ne ya kawo sauƙin.

Haɗin kemis da ake sha don gajiya yawanci na ɗauke da magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen. Yawan shan su na ƙara hawan jini, yana ƙwaƙule ciki, yana lalata ƙoda. Haka nan a yi hattara da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika, waɗanda kwalba ɗaya ake cewa tana maganin cuta goma. Idan kuma aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti a lokacin, domin a shanyewar ɓarin jiki kowace awa tana da tsada.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, kwamitocin masallatan Juma'a da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sayi na'urar awon jini, su gayyaci ma'aikacin lafiya yana auna jama'a ko da sau ɗaya a wata. Na biyu, makarantun Islamiyya na matan aure su ware darasi kan ma'aunin gishiri da suga, da cokali da dunƙule a hannu. Na uku, limamai da masu wa'azi su bayyana wa mutane cewa ciwon damuwa cuta ce kamar sauran cututtuka. Na huɗu, sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su zauna da likitoci su daidaita kalmomin lalurorin ƙwaƙwalwa, domin muddin "hauka" ce kaɗai kalmar da jama'a suka sani, mutane za su ci gaba da ɓoyewa. Na biyar, gwamnatoci su cika alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a Afrilun 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma a fifita ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi wunin Bahaushe daga tukunya zuwa shimfiɗa, ta nuna cewa gishiri da suga da zama wuri ɗaya da ƙarancin barci da damuwa suna taruwa ne su haifar da cuta guda a jiki guda. Ta kuma nuna cewa mafi yawan gyaran yana hannun mutanen gida, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar kwana ɗaya ba. Riga-kafi ya fi magani magana ce da kowa ya haddace, abin da ya rage shi ne aiki da ita. Ina roƙon malamaina da 'yan uwana masu karatu, kafin makon nan ya ƙare kowa ya je a auna jininsa, ya kuma kama hannun dattijo ɗaya a gidansu ya kai shi a auna nasa.